Idan Hazo Ya Kama Gilashin Tsohuwar Kyamara

Haska tocila ta bayan gilashin cikin duhu. In ka ga fari-fari kamar hazo, galibi tururin maiƙon cikinsa ne ya kwanta. Yayin kwance gilasan da ke cikinsa don gogewa, ɗauki hoton kowane mataki, domin gilashi ɗaya in ya koma a kife, hoton da kyamarar za ta ɗauka zai lalace.

Fara busa ƙurar da ɗan famfon roba. Sannan ka ɗiga sinadarin isopropyl a takardar goge gilashi, ka shafa sau ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, ka jefar da ita. Don Allah kada ka danna, musamman a kan gilashin kyamara samfurin Summar na kamfanin Leica na shekarun 1930. Gilashinsa da laushi, nan da nan yake karcewa. Hazon da ke tsakanin gilasai biyu da aka manne kuwa, shafa ba ta kai masa. Kai wa gwani.