Neman Ogan a Ƙasar Baƙunta

'Yan'uwana ɗalibai, wanda duk ya tsaya ƙofar fadar Sarkin Bauchi ran hawan salla ya ga mai algaita ya cika kumatunsa da iska, yana busa ba yankewa. To, akwai wani abin kiɗa na Turai, ogan, wanda ya ke kamar masu algaita da masu sarewa dubu ne a hannun mutum guda. Ina so in gaya muku yadda ya ke, da yadda na neme shi sa'ad da aka tura ni Ingila ƙaro ilmi.

Ogan bututaye ne jere bisa akwatin iska. A dā da zugazugai a ke hura shi, kamar na maƙera, yanzu kuwa galibi injin lantarki ne. In ka danna maɓalli sai ƙofa ta buɗe, iska ta shiga bututu, ya yi kuka. Dogon bututu muryarsa kauri, gajere siririya. Makaɗin yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu. Asalinsa ma a Afirka ne, gama wani Bahelene, Ktesibiyus, ya ƙago shi a Iskandariya ta Masar wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ni dai ƙaramin na ƙafa na koya a nan Bauchi, wanda ba shi da bututu. Da na isa London na ji na Royal Albert Hall, mai bututu 9,999, wanda Henry Willis ya gina a 1871, sai kwaɗayi ya kama ni. Kashegari na faɗa wani coci ba sallama, na ce a buɗe mini in kaɗa. Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini ƙofa. Na fito da kunya. Lalle laifina ne, don ko a gida ba a ɗaukar kakakin Sarki a busa don an ga ya yi kyau.

Daga nan na koyi hanya. Da fari, ka rubuta wa makaɗin wurin takarda tun da sauran mako biyu, ka faɗi sunanka da iyakar abin da ka iya, ban da ƙari. Na biyu, ka je ka saurare shi tukuna, sa'an nan ka gaishe shi bayan an tashi. Na uku, in ya ba ka kujera, ka fara da ƙananan muryoyi, kada ka wuce lokacin da ya yanka maka. Na huɗu, ka aika da godiya. Da haka na kaɗa a wurare uku kafin in komo.

Kada ku ce wahalar ta yi yawa. A 1705 Bach, babban makaɗin Jamus, yana ɗan shekara 20, ya tafi da ƙafa daga Arnstadt zuwa Lübeck, tafiyar da ta fi ta Bauchi zuwa Kano, don kurum ya ji gwani Buxtehude. Hutun mako huɗu ya roƙa, ya yi kusan wata huɗu, har aka yi masa faɗa. A ƙasarmu kuma Fela Sowande ya koya a hannun T. K. E. Phillips a babban cocin Marina na Ikko, daga baya ya zama makaɗin Kingsway Hall a London.

Ga aikin da za ku kai aji. Ku sa yara su yanko karan ganyen gwanda biyu, ɗaya rabin tsawon ɗayan, su toshe gindin kowanne da yatsa, su busa bisa bakin. Za su ji murya ɗaya ce, amma ta gajeren ta hau sama. In yaro ya gane dalili, ya gane sirrin ogan duka.