Tsabtar Ɗakin Girki: Yadda Ake Kawar da Daskararren Maiƙo Daga Daɓen Tayil

Jama'a da yawa a birane da ƙauyukan ƙasar nan sun shimfiɗa tayil a ɗakunan girkinsu, domin ya fi daɓen siminti sauƙin wankewa. Amma akwai wani abu da ke addabar matan aure da masu gidajen abinci, wato baƙin maiƙon nan da ke manne wa daɓe, a wanke yau a wanke gobe, ya ƙi fita. Wannan darasi zai bayyana asalinsa, da haɗarinsa, da hanyar kawar da shi.

Daga Ina Yake Zuwa?

Duk lokacin da ake suya da man ja ko man gyaɗa, ɗigo-ɗigon mai yana fantsama, wani kuma yana bin tururi ya sauka a ƙasa. Ƙura da hayaƙi sai su haɗu da shi. Idan ya kwana biyu iska tana bugunsa, sai ya daskare ya yi danƙo kamar ƙaro. Ruwa zalla ba ya fitar da shi, domin ruwa da mai ba sa gauraya. Tsumman goge-goge kuwa sai dai ya ƙara baza shi.

Haɗarinsa

Na farko, santsi. Mace tana iya zamewa da tukunyar tafasasshen ruwa a hannu, tsoho kuma ya faɗi ya karye. Na biyu, maiƙo abinci ne ga kyankyasai da ɓeraye da ƙudaje, waɗanda ke ɗauko ƙwayoyin cutar gudawa su zuba a abincin iyali.

Kayan Aiki

Ana bukatar ruwan zafi galan 1, wato lita 4 da rabi, da garin sabulu cokali 3, da dakakkiyar kanwa cokali 3, da buroshi mai tauri, da tsumma, da safar hannu ta roba. Kanwa da ruwan toka suna narkar da mai su mai da shi kamar sabulu. Da wannan hikima ce iyayenmu suke haɗa sabulun salo daga toka da mai tun zamanin da.

Yadda Ake Yi

1. A share daɓen sarai, a buɗe taga da ƙofa, a fitar da yara.
2. Inda maiƙon ya yi kauri, a kankare shi da ɗan katako mai faɗi. Wuƙa da soson ƙarfe suna karce fuskar tayil, datti kuma ya sami wurin maƙalewa.
3. A narkar da kanwa da sabulu cikin ruwan zafin, a zuba a kan sashe ɗaya na daɓen.
4. A bar shi ya jiƙa minti 10 zuwa 15, kada a bari ya bushe. Nan ne sirrin aikin yake, masu gaggawa kuwa nan suke yin kuskure.
5. A dirje da buroshi, musamman tsagar da ke tsakanin tayil da tayil.
6. A kwashe ruwan dattin da tsumma, a ɗauraye sau 2 da ruwa mai tsabta, a goge har ya bushe. Idan da saura, a maimaita.

Gargaɗi

Kada a wanke daɓe da fetur ko kananzir, domin tururinsu yana kama wuta. Kada a haɗa bilic da ruwan lemun tsami ko ruwan wanke masai, gama suna fitar da iska mai guba wadda ke lahanta huhu. Masu daɓen marmara ko tarazo su guji duk wani abu mai tsami, domin yana cin dutsen. Maiƙon da aka kankare a naɗe shi a takarda a jefa a kwandon shara, in an zuba shi a magudana zai toshe ta.

Rigakafi Ya Fi Magani

Da zarar mai ya zube, a barbaɗa masa toka ko garin katako ya tsotse, a share, a goge da ruwan sabulu. A riƙa goge gaban murhu kowane dare, a kuma yi babban wanki sau ɗaya a mako. Wannan aiki ba na uwargida kaɗai ba ne, maigida da samarin gida su ma su sa hannu, gama lafiyar gida ta kowa ce.