Mudu Biyu a Gaban Alƙali

Ya kai mai karatu, ka taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ka ga mai awo wanda yake da mudu biyu? Ɗaya babba ne, da shi yake saye daga hannun manomi. Ɗayan kuwa an buga gindinsa ya shige ciki, da shi yake auna wa gwauruwa. Duk wanda ya gane shi ya kan kira shi macuci, ko da ba ya fashin zuwa sujada. Tun a cikin Attaura, a Kubawar Shari'a sura 25, Ubangiji ya hana jama'arsa ajiye ma'auni iri biyu, ya kuwa lissafta wannan aiki cikin abubuwan da yake ƙyama. To, in Allah ya kula da awon dawa da gero haka, ina ga awon da ake yi wa 'yan Adam a gaban alƙali?

1. Jinkiri ma zalunci ne

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 24. Aka kawo Manzo Bulus Kaisariya, gaban Filikus, gwamnan da Romawa suka naɗa. Filikus ya ji ƙara, ya ji amsar Bulus, amma ya ƙi yanke magana. Ya kan aika a kawo masa Bulus sau da yawa, gama yana sa zuciya a ba shi toshi. Haka shekara biyu suka wuce. Da aka sauke shi, Fastus ya gāje shi, sai ya tafi ya bar Bulus a ɗaure domin ya faranta wa masu ƙara rai.

Filikus bai yanke hukuncin ƙarya ba ko sau ɗaya. Kullum dai sai gobe. Duk da haka ya cinye wa bawan Allah shekara biyu. Ka lura fa, jinkiri yana da aiki iri biyu. Wanda ba shi da kowa, jinkiri ya kan riƙe shi a kurkuku ba a tabbatar masa da laifi ba. Mai ƙarfi kuwa, jinkirin nan shi ke riƙe shi a gidansa, har shaidu su mutu, takardu su ɓace, jama'a su manta. Mai-Wa'azi ya ga wannan a zamaninsa, a sura 8 ya nuna cewa in horon mugunta ya yi nawa, zuciyar mutane ta kan ƙara tauri ga aikata ta.

2. Abin da ya faru a ƙasarmu

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 308, ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa, da gwamna, da mataimakansu, muddin suna bisa kujera. Saboda haka sai a 2007, da wa'adinsu ya cika, hukumar EFCC ta kai waɗansu tsofaffin gwamnoni gaban shari'a a kan dukiyar jama'a. Biyu daga cikinsu ka san su sarai: Joshua Dariye na Filato, da Jolly Nyame na Taraba.

Lauyoyi suka yi ta ɗaukaka ƙara a kan ko kotun tana da ikon jin maganar, ana hawa daga wannan kotu zuwa waccan, ainihin ƙarar kuwa tana kwance. Cikin wannan tsakani aka zaɓi Dariye ya shiga Majalisar Dattawa a 2011, aka sake zaɓensa a 2015. A 2015 ɗin aka kafa sabuwar dokar shari'ar laifuka wadda ta hana a tsayar da shari'a domin ana jiran ɗaukaka ƙara. Sai a 2018, bayan shekara 11, wata babbar kotu a Abuja ta same su da laifi, ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa Dariye zuwa 10, Nyame zuwa 12. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi musu afuwa, suka fita daga gidan yarin Kuje.

Ka duba kuma James Ibori, tsohon gwamnan Delta. A 2009 wata kotu a Asaba ta kori tuhuma 170 da aka yi masa. A 2012 shi da bakinsa ya amsa laifi a gaban alƙali a Landan, aka ɗaure shi shekara 13.

Yanzu ka juya ka dubi ɗayan mudun. Shekara da shekaru lissafin hukuma yana nuna cewa wajen biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Akwai wanda aka kama a kan akuya ko wayar hannu, ba shi da lauya, ba shi da mai tsaya masa beli, har zaman jiransa ya fi ɗaurin da za a yi masa in da an same shi da laifin. Shi ma mutum ne, yana da uwa mai kuka.

3. Ina namu laifin?

Watakila za ka ce, wannan aikin alƙalai ne da manya, ni ba ruwana. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, ka bincika zuciyarka. Sa'ad da aka tuhumi mutumin wata kabila ko wani addini, ba ka ce a gaggauta a hore shi ba? Amma da aka taɓa namu, ɗan garinmu, wanda ya saya wa majami'armu kwanon rufi, ba mu ce tsanani ne ake yi mana ba? Ba mu tafi gaisuwa ba, muka ba shi kujerar gaba, tun ba mu tambayi gaskiyar maganar ba? Gwamnonin nan uku duka suna amsa sunan Kirista, Nyame kuwa har limamin ikilisiya ne. Ba mu ambace su domin mu yi musu dariya ba, gama kowanenmu yana iya fāɗuwa. Mun ambace su domin kada mu ce mudu biyu a gidan maƙwabci kaɗai yake.

Yaƙub, a sura 2 ta wasiƙarsa, ya tsauta wa masu bi waɗanda suke zaunar da mai zoben zinariya a wuri mai kyau, su bar matalauci a tsaye, ya ce da su wannan zunubi ne. Littafin Firistoci sura 19 kuwa ya tsare hanya ta gefe biyu: kada a karkata shari'a domin girman mai arziki, kada kuma a karkata ta domin tausayin matalauci. Babba ma yana da hakkin a ji ta bakinsa, kada a kira shi ɓarawo tun alƙali bai tabbatar ba. Abin da Allah yake so shi ne awo ɗaya, a kuma yi shi a kan kari.

4. Gafara ba ta kashe gaskiya

Wani zai ce, ashe ba a koya mana yin gafara ba? Hakika an koya mana. Amma ka tuna da Sarki Dawuda bayan ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka kashe mijin. Annabi Natan ya ba shi labarin mai garke da yawa wanda ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta matalauci. Dawuda ya husata, nan take ya yanke wa mutumin hukunci mai tsanani, gama yana tsammani wani ne dabam. Sai Natan ya nuna masa cewa kansa ya yi wa shari'a. Dawuda bai nemi a ɗaga maganar ba, bai ce maƙiya ne suka aiko annabin ba. Ya amsa zunubinsa. Allah ya gafarta masa, duk da haka ya sha ɗacin abin da ya shuka a cikin gidansa. Zakka mai karɓar haraji kuma, ranar da Yesu ya sauka a gidansa, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata. Tuba ta gaskiya ta kan amsa laifi, ta kan kuma mayar da abin da aka ci.

5. Abin da ya wajaba gare ka

In an kira ka shaida, ka je a ranar da aka sa, ka faɗi gaskiya ko a kan ɗan'uwanka ne. In kai ma'aikacin kotu ne, ko ɗan sanda, ko lauya, kada ka karɓi kuɗi domin takarda ta kwana ko ta ɓace. In kai dattijon ikilisiya ne, horon da za ka yi wa ɗan manomi shi za ka yi wa ɗan mai yawan baiko. Ranar zaɓe kada ka ba wanda ke gudun shari'a mafaka da ƙuri'arka. Ku tashi kuma, kai da 'yan'uwa, ku ziyarci gidan yarin da ke kusa da ku, ku tambayi waɗanda suka daɗe suna jira, ku nema musu lauya, gama Ubangijinmu ya lissafta ziyarar ɗaurarru kamar shi aka ziyarta. Ka tuna akwai ranar da manya da ƙanana za su tsaya gaban kursiyi guda, ba kuwa za a ɗaga wannan zama ba.

Tambayoyi

Me ya sa Filikus ya bar Bulus a ɗaure? Ta wace hanya jinkirin shari'a ke cutar matalauci? Wane ne kake auna wa da babban mudu, a gidanka ko a ikilisiyarka?

Addu'a

Ya Allah, Alƙalin duniya duka, ka ba alƙalan ƙasarmu tsoronka. Ka tuna da waɗanda aka manta da su a kurkuku. Ka ba waɗanda suka ci amana zuciyar tuba. Ka kawar da son kai daga zuciyata, domin in auna nawa da na wani da mudu ɗaya. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.