TATTALIN MAI A TSOHUWAR JIF: JAN HANKALI GA MASU MOTA DA DIREBOBIN ƘASAR KARASUWA

Hanyar kwalta da ta taso daga Nguru ta nufi Gashuwa, ta ratsa Jajimaji hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, tsawonta ya fi kilomita 60. Amma da zarar mutum ya sauka daga kanta ya yi arewa, wajen ƙauyukan da ke tsakanin nan da Machina da Yusufari, to, ya shiga rairayi ke nan, inda ƙaramar mota ba ta da ta cewa. A irin wannan wuri tsofaffin motocin jif, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux, su ne ke fito da gero da wake da riɗi zuwa kasuwa, su ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Saboda haka kuɗin man da suke sha ba matsalar mai mota kaɗai ba ce. Manomi da fasinja da majinyaci duk suna biya.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a da ba ta kai Naira 200 ba ta haura zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga lokacin masu mota suka shiga neman dabarar da za ta rage wa motocinsu shan mai. Wani a ce masa ya yanke salansa, wani a ce ya cire wani abu daga inji, wani kuma a sayar masa da ƙwayar da zai jefa cikin tanki. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a rarrabe wa jama'a dabarun da ke da amfani daga waɗanda ke jawo hasara. A taƙaice, tsohuwar mota ba ta rage shan mai don an cire mata wani abu ko an liƙa mata wani. Tana ragewa ne idan an mai da injinta yadda maƙerinsa ya tsara shi.

Da farko a auna

Direbobi da yawa suna cewa mota ta rage sha ko ta ƙara, alhali kuwa allurar tanki kawai suka duba, ita kuwa a tsohuwar mota ba abar amincewa ba ce. Ga yadda ake awo na gaskiya. A cika tanki fal, a rubuta lambar da ke kan agogon kilomita. A yi aiki kamar kullum. In an dawo gidan mai a sake cikawa fal, a rubuta litar da ta shiga, sa'an nan a raba kilomitar da aka yi da yawan litar. Misali, in mota ta yi kilomita 300 ta sha lita 50, to kowace lita ta kai ta kilomita 6. In bayan gyara ta yi wannan tafiya da lita 43, ta koma kusan kilomita 7 ke nan, an kuma tsira da lita 7. Mai yin irin wannan tafiya kowane mako zai tsira da lita 364 a shekara. Wanda agogon motarsa ya mutu sai ya zaɓi hanya guda da ya saba, kamar Nguru zuwa Gashuwa da dawowa, ya riƙa gwaji a kanta da lodi iri ɗaya. Kada a yi gyara biyu a lokaci guda in ana son a gane wanda ya yi amfani.

Yadda inji yake cin mai

Inji ba mai kaɗai yake ƙonawa ba, mai ne gauraye da iska. Injin fetur yana bukatar iska mai nauyin kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai, watau kowace lita ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. In iska ta gaza, ko wuta ta yi rauni, ko inji bai yi zafin da ya kamata ba, sai wani kashi na man ya fita ta salansa ba tare da ya yi aikin kome ba. Hanci da ido sukan gane haka: warin ɗanyen mai a bayan mota, da baƙin hayaƙi, da fulogi mai baƙin kai. Baƙin hayaƙi kuɗi ne ke tashi sama. Shuɗin hayaƙi kuwa alama ce inji yana shan baƙin mai, watau ringi ko bawul sun gaji, kuma babu wata dabarar da za ta maye gurbin a buɗe inji a gyara su.

Matatar iska

A ƙasar da hunturu ke kawo ƙura wata da watanni, kuma mota ke bin sawun wata cikin rairayi, matatar iska ita ce farkon abin dubawa. Wani bincike da aka yi a cibiyar Oak Ridge ta Amurka a 2009 ya nuna cewa toshewar matata tana ƙara wa mota mai kafireta shan mai, a mota mai nozul da ƙwaƙwalwa kuwa ƙarfi take ragewa. Ko wanne ne dai hasara ce. A riƙa fitar da matata ana kakkaɓewa a hankali, in ta huje ko ta daskare a sake sabuwa. Tsofaffin Land Rover masu matatar da ake zuba wa baƙin mai, a riƙa zubar da man ana wanke kaskon ana zuba sabo.

Waɗansu sukan cire matatar ɗungum, wai don inji ya sha iska. Wannan babbar ɓarna ce. Ƙurar yashi in ta shiga inji aikin sanfefa take yi, ta cinye ringi da bangon silinda cikin ɗan lokaci. Ƙarin da ke da amfani a nan shi ne bututun nan da ake ɗagawa ta gefen gilashi zuwa saman mota, musamman mai kofi a kai wanda ke tare yashi. Ba ya rage shan mai da kansa, amma yana hana matata saurin toshewa.

Wuta da saiti

A injin fetur, a duba fulogi da wayoyinsu, a sa irin lambar da aka rubuta wa motar. Motocin da har yanzu ke aiki da kwantak, saitin wutarsu yakan goce da kansa yayin da kwantak ke cinyewa. Musanya shi da na'urar wuta ta zamani wadda ba ta gogayya gyara ne mai kyau, domin saitin yakan zauna inda aka ajiye shi. A kafireta kuma a tabbata cok yana komawa bayan inji ya yi ɗumi, silo kuma bai yi sama ba. Kada a matse mai fiye da kima don neman tattali, gama inji mai ƙarancin mai zafi yake yi har ya ƙone bawul.

A injin dizal, abin da ya fi yawa shi ne a buɗe wa famfon mai don mota ta ƙara ƙarfin hawan tudun yashi. Ƙarfin da ake samu kaɗan ne, hayaƙin da ake yi shi ne mai yawa. A kai famfo da nozul wurin mai injin gwaji ya saita su bisa ƙa'ida. Har ila yau, wanda tilas ta sa ya sha mai daga jarka ko wurin 'yan bumburutu, ya tace shi da kyalle mai tsabta, ya kuma riƙa sake matatar mai a kan kari, don ruwa da laka su ne ajalin nozul.

Kada a cire makullin ruwan zafi

Tsakanin inji da lagireto akwai wani ɗan makulli da bakanikai ke kira tamostat. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi, galibi digiri 82 zuwa 88, sa'an nan ya buɗe. Ya zama al'ada a gareji da yawa a cire shi a jefar, a kuma haɗa fanka kai tsaye, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Wannan kuskure ne. Inji mai sanyi mai da yawa yake bukata, mota mai ƙwaƙwalwa kuwa muddin ta ga ruwa bai yi zafi ba za ta yi ta ƙara mai kamar yanzu aka tashe ta. Wanda ya san sanyin asuba na watan Janairu a bakin Kogin Yobe ya san cewa inji marar makulli zai yi nisa bai ɗumama ba. In mota tana tafasa, a nemi dalilin: lagireto da ya toshe da laka, ko murfinsa da ya saki, ko bel, ko famfon ruwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Salansa da abin da ke cikinta

Ƙarar mota ba ƙarfi ba ce. Yanke tukunyar salansa ko fasa ta ba ya rage shan mai a irin gudun da ake yi cikin rairayi, sai dai ya dami jama'a ya firgita dabbobi. Abin da ke danne inji shi ne bututun da ya lotse don ya bugi kututture ko dutse, ko tukunyar da cikinta ya ruɓe ya toshe hanya. Waɗannan a sake su da masu faɗi daidai da na asali.

Motocin Kwatano masu nozul suna zuwa da wata tukunya kusa da inji mai kama da saƙar zuma a ciki, wadda a gareji ake kira indomi. An fara sa ta a motocin Amurka a 1975 don ta rage gubar hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, irin su filatinam, don haka tana da kasuwa, don haka ne kuma wani lokaci akan ba mai mota shawarar ya cire ta ko da lafiyarta lau. In ba ta toshe ba, cire ta ba ya rage shan mai. In ta toshe, to wani abu ne ya toshe ta, yawanci ɗanyen mai ko baƙin mai da inji ke fitarwa, kuma wannan ciwon yana nan ko an cire ta.

Kusa da ita akwai wani ɗan ma'auni mai waya da ke sunsunar hayaƙi yana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ta ƙara mai ko ta rage. In ya mutu, ko an yanke wayarsa, ko bututu ya huje a gabansa, mota takan shiga shan mai ba ƙaƙƙautawa. Sake wannan ɗan abu yakan fi kowane ado da za a yi wa salansa amfani. Bugu da ƙari, huji a bututu haɗari ne ga rai, domin hayaƙin yana ɗauke da wata guba marar wari marar launi wadda kan shiga cikin mota ta sa ciwon kai da barci, har ta yi kisa.

Taya da giyar yashi

Direban rairayi yakan rage iskar taya don ta baje ta hau yashi, kuma daidai ne. Laifin shi ne a hau kwalta a Jajimaji a miƙe har Gashuwa ba a mai da iskar ba. Taya mai laushi a kan kwalta tana jan mota baya, tana zafi, tana iya fashewa. A ajiye famfo a mota, ko a tsaya wurin mai faci. Haka kuma giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja, a cire ta da zarar an fita daga yashi. Motar da ke da makullin cibiyar ƙafafun gaba, a kwance shi a kan kwalta. Wadda ba ta da shi kuma irinta tana karɓa, sa shi ƙari ne mai amfani. Manyan tayoyi fiye da ƙa'ida, da lodin da aka jibga a saman rufi, da gudun da ya wuce kilomita 80 a sa'a, duk mai suke ci. Birkin da ke riƙewa ma haka.

Ƙwayoyi da maganaɗisu

Duk lokacin da mai ya yi tsada, masu tallar maganin shan mai sukan fito. Haka aka yi a Amurka bayan tsadar mai ta 1973. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100, da masu maganaɗisu da masu juya iska da sauransu, ba ta sami wadda ta rage shan mai ragewar a zo a gani ba, waɗansu ma illa suke yi wa inji. Araha ba ta ado. Kuɗin ƙwaya gara a sayi matata da su.

Juya mota ta koma gas

A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin juya motoci su riƙa aiki da iskar gas da aka matse, wadda ake kira CNG. Wannan canji ne na gaske, kuma injin fetur ya fi sauƙin karɓarsa. Amma kafin mutum ya sa kuɗinsa, ya fara sanin inda zai riƙa shan gas ɗin a kan hanyar da yake bi, ya kuma tuna tukunyar tana da nauyi tana cin wurin kaya. Matsin da ke cikinta ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, saboda haka tukunyar da mai walda ya haɗa ba ta ɗaukarsa. A watan Oktoba na 2024 wata irin wannan ta fashe a wurin shan gas a birnin Benin ta raunata mutane. Lalle ne a je wurin da hukuma ta amince da shi.

Abin da ya kamata a bi

Mai mota ya fara da awo. Daga nan ya bi abubuwan da ba su da tsada: iskar taya, matatar iska, fulogi, juyen baƙin mai a kan lokaci. Sa'an nan ya mai da abin da aka cire, ya toshe hujin salansa, ya sa a yi saiti. Bayan kowane mataki ya sake awo ya rubuta. In bakanike ya ce a cire wani abu, a tambaye shi aikin da abin yake yi, kuma a karɓi tsohon a tafi da shi gida. Shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi a Nguru da Jajimaji da Gashuwa, muna roƙonsu su sa a karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, domin litar da direba ya tsirar tana iya zama sauƙin kuɗin mota ga talakan da ke jiransa a bakin hanya.