Sayen Kayan Kwamfutar Wasa Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai ɗan bayani a kan yadda mutum zai harhaɗa kwamfutar wasa in kuɗinsa ba su da yawa. Samari da yawa a nan Bauchi sukan yi shekara guda ko fiye suna tari, sa'an nan su nufi shagunan da ke kewayen kasuwar Wunti da kuɗin a aljihu, ba su san abin da za su tambaya ba. Wanda ya je haka, abin da mai shago ya ga dama shi zai komo da shi. Ba don mai shago mugu ne ba, sai don kowa abin da ke kantarsa yake so ya sayar.

Tun kafin ka bar gida sai ka yanke shawara a kan wasan da kake so. Gama mai son ƙwallon ƙafa, watau eFootball ko kuwa EA Sports FC, wanda a dā ake kira FIFA kafin a sāke masa suna a 2023, ba ya bukatar abin da mai son sababbin wasannin yaƙi yake bukata. Haka kuma GTA V, wanda ya fito a kwamfuta tun 2015, inji mai matsakaicin ƙarfi ya ishe shi. Kowane wasa masu shi sukan rubuta irin kayan da yake so. Ka kwafe wannan a takarda, ka tafi da ita.

To, cikin akwatin kwamfuta akwai abubuwa biyu masu jan aiki. Na fari furosesa, ita ce mai lissafi da ba da umurni. Na biyu katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik, shi ne mai zana abin da ido ke gani. Aikinsa ba kaɗan ba ne, domin in ana so wasa ya tafi sumul ba ya tsinkewa, sai ya zana hoto 60 cikin kowace daƙiƙa. Waɗannan biyu kamar shanun huɗa suke a garma ɗaya. In ɗaya ƙato ne ɗaya ramamme, tafiyar ramammen za a yi. Amma a wasa katin hoto ya fi ɗaukar nauyi, saboda haka ni a ganina, in ka kasa kuɗinka kashi 10, ka ba shi kashi 4, furosesa da babban allon da take zaune a kai su sami 3, sauran 3 a raba wa ragowar kayan.

A nan ne ake yawan ruɗin mutane da suna. Za a ce maka, "Wannan i7 ce, babba ce." Kada ka tsaya ga wannan, ka dubi lambar da ke biye. Intel i7-3770 ta 2012 ce, i3-12100 kuwa ta 2022, kuma ƙaramar nan ta fi babbar gudu nesa ba kusa ba. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna tsara: 3770 tsara ta 3, 8500 tsara ta 8, 12100 tsara ta 12. Sanin wannan ya zama tilas tun daga ran 14 ga Oktoba, 2025, sa'ad da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Windows 11 kuwa ba ta yarda da furosesar Intel da ta gaza tsara ta 8, ban da 'yan kaɗan, a wajen AMD kuma sai Ryzen 2000 zuwa sama. In ka ga harafin F a ƙarshen lambar Intel, kamar i5-12400F, ma'anarsa ba ta iya nuna hoto da kanta, sai da kati.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai hanya biyu. Ɗaya ita ce ya sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo, irin su Dell OptiPlex ko HP, ya soka mata kati. Wannan ta fi araha, amma tana da sharaɗi. Akwatin wutar irin waɗannan, watau fawa-fak, ƙarami ne, sau da yawa bai kai wat 300 ba, siririyar cikinsu kuma ba ta ɗaukar kati mai faɗi. Abin da ya dace da su shi ne irin GTX 1650 na 2019, wanda wat 75 kaɗai yake ci, yawancinsu ba su bukatar wata wayar wuta dabam. Ɗaya hanyar, wadda na fi so, ita ce a sayi allo mai gurbin AM4 na AMD, a sa masa Ryzen 5 5600G ta 2021. Ita tana da ɗan katin hoto a cikinta, za ta riƙe ka da ƙwallo da tsofaffin wasanni har ka ƙara tari, ran da ka sami kati ka soka kawai. Wanda ya bi wannan hanya bai jefar da kome ba.

Batun ram ba shi da tsawo. Giga 16 ya isa, amma ka sayi sanda 2 masu giga 8, kada ka sayi guda mai 16, gama hanya biyu ta fi ɗaya saurin wucewa, musamman ga 5600G. Ka tabbata irin da allonka ke ci ne, domin DDR5 ba ya shiga gurbin DDR4. Farashinsa ya tashi ƙwarai a duniya a ƙarshen 2025, saboda haka na hannu ba abin kunya ba ne, da ma ram ba ya saurin lalacewa. Ma'ajiya kuma SSD za ka nema, ko da mai giga 500 ce.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi damuna, wanda masu ba da shawara daga Turai da Amurka ba su cika ambatawa ba, don ba ƙasarmu suke zaune ba. Wutarmu takan tafi ba sallama, ta komo da ƙarfi ko da rauni. Fawa-fak shi ne ke tsakanin wannan wuta da dukan kayan da ka sha wahalar saye. In mai arha ne marar suna, ran da ya ƙone ba shi kaɗai zai tafi ba, yakan ja allo ko kati. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sabo za ka saya, na sanannen kamfani, mai wat 500 zuwa 550, mai tambarin 80 Plus, watau aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha yana isa ga kayan, saura ne ke zama zafi. Ka ɗaga shi a hannu, wanda ba shi da nauyi kamar gwangwani ka ajiye. Sa'an nan ka ware kuɗin sitabilaiza, in da hali UPS. Gara ka rage darajar kati da mataki ɗaya da ka bar waɗannan.

Katin hoto mai kyau ba kullum ake samunsa a kanta a Wunti ba, gama wayoyi da laftof sun fi kasuwa. Sau da yawa sai an aiko da shi daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, ko daga Kano. Tun da darajar naira ta faɗi bayan Yuni 2023, sabo ya fi ƙarfin yawancinmu, sai na hannu. To, ba a cinikin biri a sama. Ku yi sharaɗi da mai shago tun da fari, ba za ka cika kuɗi ba sai an kunna a gabanka. Ka sa manhajar GPU-Z, kyauta ce, ta faɗa maka ainihin sunan katin, domin akwai tsofaffi da ake sāke wa suna. Ka buga wasa rabin sa'a, kana duban allo ko za ka ga ɗige-ɗige, kana sauraron fanka. Wannan ya fi wajaba ga RX 580 na 2017, gama da yawansu sun yi shekaru dare da rana suna haƙar kuɗin intanet, har zuwa Satumba 2022 da Ethereum ta daina wannan hanya aka zubo su kasuwa.

Kada a manta da yanayi. A watan Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kai awo 40, da hunturu kuma ƙura ta toshe kowace kafa. Akwati mai raga a gaba da fanka 2 ya fi mai gilashi da fitilu masu launi. A ɗora shi bisa tebur, a rufe da ƙyalle in an kashe, a busa ƙurar sau ɗaya a wata.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata a yi kafin a biya. RX 580 yana cin wat 185, RX 6600 na 2021 kuwa wat 132, ga shi ya fi shi ƙarfi. Bambancin wat 53 ne. In kana wasa sa'a 4 kowace rana, cikin kwana 30 ka sha yunit 6 da ɗoriya a banza, ban da zafin da zai cika maka ɗaki. Ga mai janareta ko batirin sola abin ya fi haka ciwo. Wanda ke koyar da lissafi a aji 6 yana iya ba yara wannan: su nemo kuɗin yunit ɗaya a unguwarsu, su gano wata nawa za a yi kafin rarar wutar ta biya bambancin farashin katunan biyu.