Darasi: Ambaliyar Teksas da Kuɗin Jiniya

A Amurka, iyaye sukan kai 'ya'yansu sansani idan an yi hutun makaranta. Camp Mystic sansanin 'yan mata ne a bakin Kogin Guwadalupe, cikin Jihar Teksas.

Daren 4 ga Yuli, 2025, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin asuba kogin ya ƙaru da ƙafa 26 cikin minti 45. Yara suna barci. Ruwa ya ci 'yan mata 25 da masu kula da su 2.

A lokacin, babu jiniyar gargaɗi a bakin kogin a yankin sansanin. Shekarun baya hukumar yankin ta yi shawarar kafa ta, amma aka ce ta yi tsada, aka bari.

A Satumba 2025, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a sababbin dokoki. An hana kwantar da yara a ɗakunan da ke kan hanyar ambaliyar kogi. Dole kowane sansani ya tsara yadda zai kwashe yara, ya kuma koya wa ma'aikatansa. Jihar ta ware dala miliyan 50 don jiniya da na'urorin auna ruwa.

Tambaya: Me ya hana a kafa jiniya tun farko?