Darasi: Alamun Da Ke Zuwa Kafin Kisa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan karo ya shafi aikin wata mata 'yar Ingila mai suna Laura Richards, masaniyar halayen masu aikata laifi. Ta yi kusan shekara 10 tana aiki a Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, inda ta shugabanci sashen hana kisan kai.

A can ta yi ta nazarin labaran matan da mazajensu ko tsofaffin samarinsu suka kashe. Ta lura cewa kisan ba ya faɗowa kwatsam. Kafin ranar, mai laifin ya daɗe yana bibiyar matar: yana tsare ta a hanya, yana damunta da saƙonni, yana raba ta da danginta, yana yi mata barazana. Sau da yawa takan kai ƙara, amma a dubi kowane abu shi kaɗai, a ce bai taka kara ya karya ba. Haɗarin kuwa ya fi tsanani sa'ad da matar ke ƙoƙarin rabuwa da shi.

Saboda haka ta tsara jerin tambayoyi mai suna DASH, wanda 'yan sandan ƙasar suka fara amfani da shi a 2009 domin auna girman haɗarin da mai ƙara ke ciki. Ta kuma shiga gaba wajen neman gyaran doka. A 2012 bibiya ta zama laifi mai zaman kansa a Ingila da Wales. A 2013 ta kafa ƙungiyar Paladin domin tsaya wa waɗanda ake bibiya. A 2015 aka haramta danniya da juya mutum ta hanyar tsoratarwa a cikin iyali, ko da ba duka, da hukuncin ɗauri har shekara 5.

Abin koyo a nan shi ne, rigakafi ya fi magani. In 'yar'uwa ta ce tana jin tsoro, kada mu sallame ta da "ki yi haƙuri" kawai. Mu saurare ta, mu haɗa abubuwan da ta faɗa wuri ɗaya, mu taimaka mata ta rubuta ranaku da abin da ya faru, mu raka ta wurin hukuma.

Tambayoyi domin nazari:
1. Waɗanne alamu ne muka saba rainawa?
2. Wa mai jin tsoro za ta iya tunkara a cikinmu?